Mazaunin hannun baya na babur ɗin ƙanƙara ya tsage: a yi walda ko a yi faci da ribit?

Mai Gareji:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku kan wani babur ɗin ƙanƙara, irin mai tafiya da bel a kan dusar ƙanƙara, da ke gareji a nan Manitoba, ƙasar Kanada. Inji mai cc 600 ne mai sanyaya da ruwa, bel ɗinsa inci 137 a tsawo, inci 15 a faɗi. Abin da ya lalace shi ne wurin da hannun baya na ƙafar shokozoba ke ɗaure da tanel, wato kwandon alminiyon nan da kujera ke kai, bel ke gudu a ƙarƙashinsa. Ta hagu ne. Ramin notin asalinsa milimita 10 ne, yanzu ya ci ya yi tsawo, ya kai kusan 14. Tsaga biyu sun tashi daga bakin ramin: ɗaya ta yi sama wajen santimita 4, ɗaya ta gangara wajen matakin ƙafa kamar santimita 2 da rabi. Ƙaramin farantin da kamfani ya liƙa a wurin ya lanƙwashe, ribit uku suna motsi, ga baƙar ƙura a kewayensu. Kaurin tanel ɗin milimita 2 na auna. Ta dama ba a ga tsaga ba. Shin walda za a yi, ko akwai abin da ya fi?

Ɗan Walda:
Wa alaikumus salam. Wannan ai aikin walda ne, ɗan'uwa. Yawancin tanel nau'in alminiyon mai lamba 5052 ne, kuma yana karɓar walda lafiya lau. A yi da injin walda na TIG a kan wutar AC, da sandar walda mai lamba 5356, a buɗe tsagar da ɗan kwari, a cike ramin gaba ɗaya, a goge, a sake hudawa. Awa biyu an gama.

Baba Bakanike:
Ɗana Mai Gareji, kafin a kunna wuta ko a ɗauko injin huda, amsa mini abu uku. Na farko, da ka zo kwance notin, a sake ka same shi ko a ɗaure? Na biyu, sandar alminiyon da ke ratsa cikin hannun baya, wadda notocin biyu ke shiga cikinta hagu da dama, tana juyawa a cikin bututunta da hannu, ko ta ƙame? Na uku, shokozoban baya yana da sauran ƙarfi? Tanel ba ya tsagewa haka kawai. Idan ba a gano abin da ya tsaga shi ba, kowane irin gyara aka yi, kafin hunturu ya fita za a dawo da shi.

Mai Gareji:
Baba, notin hagu da yatsa ake juya shi. Sandar kuwa ta ƙame ƙam, ko da guduma ba ta motsa ba. Shokozoba ban ciro shi ba tukuna, amma jikinsa a jiƙe yake da mai.

Baba Bakanike:
To ga ciwon nan ka faɗa da bakinka. Yadda aka tsara abin, sandar ce ke zaune daram, notoci sun matse ta da bangon tanel, hannun kuma yana lilo a kanta bisa giris da bushin. Da giris ya ƙare, ruwan ƙanƙara ya shiga, bututun ƙarfe ya yi tsatsa ya kama sandar, sai su zama abu ɗaya. Daga nan duk hawa da saukar da hannun zai yi, sandar ce ke murɗawa, tana murɗa notin tare da ita. A hankali notin ya saki, ya fara dukan bakin ramin, ramin ya buɗe, tsaga ta biyo baya. Baƙar ƙurar da ka gani a bakin ribit, garin alminiyon ne da gogayya ta niƙe, alamar an daɗe ana motsi a wurin. Shokozoban da ya zubar da mai kuma shi ya ƙarasa aikin, domin duk ramin da aka faɗa, ƙafar na dukan ƙarshenta, kuma mazaunin nan ne ke shanye bugun.

Injiniya:
Baba ya gama magana kan sababi. Ni kan walda zan tsaya, tare da girmamawa ga Ɗan Walda. Gaskiya ne 5052 yana karɓar walda. Matsalar ita ce ƙarfin farantin daga matsar da aka yi masa a sanyi a masana'anta ya samo shi, shi ne ma'anar H32 da ake rubutawa bayan lambar. A haka yana jure kusan megafaskal 190, a ma'aunin ƙarfin ƙarfe, kafin ya lanƙwashe. Da zafin walda ya taɓa shi, yankin da ke kewaye da ɗinkin, kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi kowane gefe, sai ya yi laushi ya koma wajen 90. Rabin ƙarfin ya tafi, kuma a daidai wurin da noti zai zauna. Idan wani nau'in alminiyon mai lamba 6061-T6 ne ma haka, yana asarar kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa irin wannan gyaran ba a cika ganin ɗinkin kansa ya fashe ba, gefensa ne ke sake tsagewa.

Sannan a duba yadda masu ƙera baburan suke haɗa tanel tun farko: ribit ne, wasu sababbin har da gam mai ƙarfi a tsakanin sassan. Idan wannan babur yana cikin masu gam, zafin walda zai ƙona gam ɗin a wurin da ido ba ya gani.

Ɗan Walda:
Injiniya, ban musa laushin ba. Amma barin tsaga a buɗe a ƙarƙashin faci shi ma ba daidai ba ne. Ruwa da gishirin titi za su zauna a ciki, kuma leɓɓan tsagar za su riƙa gugar juna. Ni dai ra'ayina a ɗinke tsagar, a ɗora faranti a kai.

Injiniya:
A nan mun kusa haɗuwa. Walda da faranti a kai, na yarda, in dai farantin ya wuce yankin da ya yi laushi sosai, ribit ɗinsa na waje suna cikin lafiyayyen ƙarfe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne walda ita kaɗai. Amma ga tsagar santimita 4, huda ƙarshenta da ɗora faranti ya wadatar, kuma ya fi sauƙin haɗari. Ku tuna tankin mai a kan tanel yake zaune, bututan ruwan sanyaya inji kuma suna bin cikinsa.

Ɗan Walda:
To idan ya zaɓi walda, ga sharuɗɗan da ba a tsallakewa. A cire kujera da tankin mai gaba ɗaya a fitar da su daga ɗakin, ba a zuƙe man kawai a bar tankin ba, tankin da ba mai ya fi haɗari saboda tururi. A cire batir da filogin ƙwaƙwalwar inji. A maƙala wayar ƙasa dab da wurin aiki, kada wuta ta bi ta cikin boris. A goge da burushin sitilas wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, a wanke da asiton. Kada a kuskura a wanke da maganin wanke birki mai kilorin, idan wutar walda ta same shi yana fitar da iskar fosjin mai kisa. Fatar da ke kan alminiyon sai ta wuce digiri 2,000 take narkewa, shi kuwa na ƙarƙashinta bai kai 660 ba ya zube, don haka wanda bai goge ta ba zai ga farantin ya ɓule kafin ɗinki ya kama. A sa guntun jan ƙarfe a baya ya riƙa shan zafi, a yi ɗinkin gajeru gajeru ana barinsa ya huce.

Mai Gareji:
Na gode ƙwarai. Na fi karkata ga faci da ribit, tunda babu injin TIG a nan. Baba, don Allah a ba ni tsarin aikin daga farko.

Baba Bakanike:
Fara da fitar da ƙafar gaba ɗaya, ba a yin wannan gyara tana ciki. Ɗaga bayan babur ka rataye shi da kyau har bel ya bar ƙasa. Sassauta notocin gatarin baya, ka mayar da notocin jan bel baya har bel ya yi sako-sako. Sauke dogayen ƙafafun sifirin na murɗi daga mazauninsu, amma ka riƙe su da kayan aiki, fuskarka a gefe, domin suna zabura da ƙarfin da zai karya yatsa. Sai ka cire notocin baya biyu, sannan na gaba biyu, ka zaro ƙafar ta gefen bel.

Wajen cire notocin nan mutane ke shan wahala, domin idan ka cire na gefe ɗaya, sandar sai ta riƙa juyawa tare da na ɗaya gefen. Dabarar ita ce ka karya ƙarfin na farko, ka fitar da shi ka goge gam ɗin zarensa, ka mayar ka ɗaure, sannan ka kwance na biyu. Da ka dawo kan na farko zai fito ba gardama. A wannan babur naka ma sandar a ƙame take, ba za ta ba ka wannan wahalar ba, wahalarta tana gaba, wajen fitar da ita daga bututu. Jiƙa ta da man sassauta tsatsa ta kwana, ka tura ta da injin matsa. Kada ka doki bakinta da guduma, zai buɗe ya ƙara kamawa. Kuma kada ka yi tunanin mayar da ita. Sabuwar sanda, sababbin bushin, sababbin notoci.

Hajiya Mai Kayan Gyara:
Sannunku da aiki. Ƙanena, kafin ka yanka faranti da kanka, duba littafin sassan babur ɗin. Ƙaramin farantin da ya lanƙwashe yana da lambarsa, kuma samfura da yawa akwai farantan ƙarfafa tanel da aka riga aka yanka aka huda musu. Idan akwai na naka, ya fi, domin ramin noti yana zuwa a daidai wurinsa. Sai dai irin waɗannan an yi su ne don kariya kafin a tsage, wani lokaci ba su kai girman da zai rufe tsagar da ta riga ta yi nisa ba. Auna tukuna. Kuma biyu za ka saya, hagu da dama. Gefen da kake cewa lafiya, shi ya ɗauki nauyin ɗan'uwansa duk tsawon lokacin da notin hagu ke sake.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo muhimmin abu. Ido ba ya ganin ƙarshen tsaga a alminiyon. Ka sayi maganin gano tsaga mai gwangwani uku: na wankewa, jan rini, da farin hoda. Wanke, fesa ja, bar shi minti 10 zuwa 15, goge da tsumma, fesa fari. Tsagar za ta fito ja, kuma sau da yawa ta fi abin da ka auna tsawo. Yi wa gefen dama haka shi ma. A ainihin ƙarshen kowace tsaga, ɗan gaba kaɗan da inda jan ya tsaya, huda rami na milimita 3 zuwa 4, ka goge bakinsa ya yi santsi. Ramin nan yana baza nauyin da ke taruwa a tsinin tsagar. Idan ka huda kafin ƙarshen, aikin banza ka yi, tsagar tana can gaba tana tafiya.

Kafin kowace huda, leƙa bayan wurin da tocila. Idan bututun ruwa na kusa, sa wa bakin huda abin tsayarwa ta yadda ba zai wuce milimita 5 zuwa 6 ba.

Baba Bakanike:
Wajen cire tsofaffin ribit a kula, iri biyu ne. Masu rami a tsakiya, ka fara tura ƙusar cikinsu da siririn fanci, sannan ka huda kan da bakin milimita 4.8 har kan ya fita, ka tura sauran. Idan ba ka fitar da ƙusar ba, bakin hudar zai zame gefe ya ci tanel. Akwai kuma waɗanda injin masana'anta ke harbawa ba tare da huda ba, kansu a shafe, masu taurin gaske. Waɗannan da giranda ake cinye gindinsu a hankali, a tura su waje, ana tallafe bayan farantin da soket don kada ya lotsa.

Bayan haka miƙar da bangon tanel. Sa ƙarfe mai faɗi a baya, ka riƙa bugawa da gudumar roba ko ta katako, kaɗan kaɗan. Alminiyon ba ya son a yi ta lanƙwasa shi gaba da baya. Dole wurin ya kwanta sarai, domin faranti a kan bango mai tudu ba ya matsuwa.

Mai Gareji:
Farantin fa? Akwai guntun baƙin ƙarfe mai kauri milimita 5 a nan. Ina ganin ya fi alminiyon ƙarfi.

Injiniya:
Ajiye shi, ƙanena. Ƙarfin da ya wuce kima shi ma ciwo ne. Bangon milimita 2 yana ɗan lanƙwasawa yana dawowa a kan hanya. Idan ka liƙa masa abin da ba ya motsi ko kaɗan, duk lanƙwasar za ta taru a bakin farantin, nan sabuwar tsaga za ta fito. Kamar yi wa tsohuwar riga faci da fata ne, bakin ɗinkin ne zai yage. Ga kuma tsatsar haɗuwa: baƙin ƙarfe da alminiyon idan suka haɗu da ruwan gishiri, alminiyon ne ke cinyewa, kuma babur ɗin da ake ja a buɗaɗɗiyar tirela yana shan gishirin titi sosai.

Nemi 5052-H32 mai kauri milimita 3, wato ɗaya bisa takwas na inci. 6061-T6 ma ya yi idan farantin a miƙe zai zauna, amma tunda tsagarka ta biyu ta nufi matakin ƙafa, gara ka lanƙwasa gindin farantin ya hau kan matakin ka ɗaure shi a can ma. 5052 yana jure wannan lanƙwasar idan ba a yi ta da kaifi ba, 6061-T6 kuwa yakan tsage a gwiwar. Girman farantin ya wuce ƙarshen kowace tsaga da aƙalla santimita 4 zuwa 5, yadda layi biyu na ribit za su samu lafiyayyen wuri. A naka zai kama wajen santimita 15 zuwa 18 kowane gefe. Zagaye kusurwoyin, ka sassabe bakin da magagari.

Ɗan Walda:
A ciki za a sa ko a waje? Ni na fi son a sa biyu, tanel a tsakiya.

Baba Bakanike:
Biyun sun fi ƙarfi, amma akwai tarko. Tsawon sandar an yanka shi daidai da faɗin cikin tanel. Ka ƙara milimita 3 a ciki, sandar ba za ta shiga ba sai ka buɗa bangon da ƙarfi, ko kuma ƙafar ta karkata gefe ɗaya. Idan dole sai na ciki, to ya zama kaurinsa daidai da na kamfani da ka cire, ko a rage sandar a injin sassaƙa ƙarfe daidai wa daida ta kowane gefe, a tabbata hannun yana da sauran wurin lilo bai matsu ba. Ga kuma gefen bel da ke wucewa kusa da bango. Shawarata: sabon farantin kamfani a ciki a mazauninsa, babban facin a waje. Sai ka ƙara tsawon noti da milimita 5, amma ka gwada zurfin ramin sandar tukuna. Notin da ya taɓa ƙasan rami zai nuna maka ya ɗauru alhali bai matse komai ba.

Sannan ramin noti, nan ne gyaran ke kyau ko ya ɓaci. Tsohon ramin ya ci, ba za ka dogara da shi ba. Yi ma'auni daga gefen dama: ɗauki siririn faranti, ka kafa shi a ramin notin gaba da ramukan ribit biyu, ka yi alamar ramin baya, ka juyo da shi hagu. Tabbatar da awo daga ramin gaba zuwa na baya, da kuma daga saman tanel zuwa tsakiyar ramin, hagu da dama su zo ɗaya. Fara da ƙaramin baki, ka buɗa a hankali zuwa 10. Daga ƙarshe zura miƙaƙƙiyar sanda mai milimita 10 ta ratsa ramukan biyu, ta shiga ba tilas. Kuskuren milimita 3 a nan ya isa ya sa bel ya riƙa jan gefe, robar silɓi, wadda bel ke zamewa a kanta, ta cinye ta ɓangare ɗaya.

Hajiya Mai Kayan Gyara:
Maganar ribit, don Allah kada a je shagon kayan gini a kwaso na alminiyon da ake liƙa kwano da su. Ƙusar cikinsu tana faɗuwa, su zama bututu fanko. A nemi ribit na ɗaukar nauyi, na ƙarfe, milimita 4.8, irin su Monobolt ko Magna-Lok, waɗanda ƙusar ke kullewa a ciki. A duba kaurin da aka rubuta suna kamawa: tanel 2 da faci 3 ya zama 5, inda farantin ciki ya shigo kuma ya kai 7 ko 8, don haka wataƙila tsawo iri biyu za ka buƙata. Bakin hudar su lamba 11 ne, wato kusan milimita 4.9. Ƙaramar bindigar hannu ba za ta ja su ba, sai mai dogayen hannaye ko ta iska, kuma wasunsu suna da nasu bakin bindiga na musamman, a tambaya wajen saye.

Injiniya:
Ƙari kan na Hajiya. Ribit ɗin ƙarfe irin wannan yana ɗaukar fiye da rabin tan kafin ya yanke, na kwano kuwa bai kai kilo 200 ba. Amma a bangon milimita 2, alminiyon ne zai fara sakewa kafin ribit ɗin. Saboda haka yawansu da tazararsu ne abin lura. Daga tsakiyar ribit zuwa bakin faranti, ko zuwa tsaga, kada ya gaza milimita 10. Tsakanin ribit da ribit milimita 20 zuwa 30, layi na biyu ya faɗa a tsakanin na farko, kada su jeru a miƙe su zama layin yagewa.  Yi amfani da tsofaffin ramukan da ba su buɗe ba.

Huda biyu tukuna, ka kafa farantin da maƙalan wucin gadi ko ƙananan notoci, sannan ka huda sauran. Sai ka sake cire shi, ka goge ƙaiƙayin bakin kowane rami ciki da waje. Mutane suna ƙyuyar wannan, kuma ɗan ƙaiƙayi ɗaya ya isa ya hana farantan haɗuwa. Shafa siririn gam na foliyuretan ko gam ɗin haɗa jikin mota a tsakani don ya toshe ruwa, ban da silikon mai warin tsami. Sa notin tsakiya ka matse, sannan ka ja ribit daga tsakiya zuwa waje tun gam bai bushe ba. Garejin ya kasance da ɗumi, sama da digiri 15, in ba haka ba gam ba zai kama yadda ya kamata ba.

Abu guda kuma: inda kan noti da wosha za su zauna, da inda bakin sanda zai taɓa, kada a bar fenti mai kauri ko gam. Notin da ke matse abu siriri haka, miƙewar da yake yi idan an ɗaure shi ba ta wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na milimita ba, kuma wannan 'yar miƙewar ce duk ƙarfin riƙonsa. Fenti ya fi haka kauri. Da ya murƙushe, notin ya saki ko da bai juya ba.

Mai Gareji:
Allah ya ƙara basira. Notin sitilas fa, tunda ba ya tsatsa? Kuma gam ɗin zare, ja ko shuɗi?

Baba Bakanike:
Bar sitilas. Wanda aka saba samu, A2-70, bai kai ƙarfin notin baƙin ƙarfe mai lamba 8.8 ba, balle mai lamba 10.9, kuma yana cinye zaren alminiyon idan gishiri ya shiga. Sayi irin na kamfani, mai faffaɗan kai, ka duba lambar da ke kansa. Gam kuwa shuɗi, Loctite 243, sai in littafin babur ɗin ya ce wani abu daban. Wasu notocin ma da gam ɗinsu a jiki suke zuwa, sau ɗaya ake amfani da su.

Ɗan Walda:
Baba, a gafarce ni, ni ja zan sa. Wurin da ya taɓa saki ai ba a yi masa sassauci.

Baba Bakanike:
Ɗana, ja yana riƙewa, amma sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 yake saki, kuma a nan akwai bushin na roba da sabon gam a bayan faci. Duk shekara ya kamata a fitar da ƙafar nan a duba, ka ga kowace shekara sai an kai wuta wurin. Kuma ba rashin gam ne ya kwance notin farko ba, sandar da ta ƙame ce. Sanda mai giris da noti a kan awo, shuɗi ya ishe su. A wanke zaren ya bushe kafin a sa, a bar shi awa 24 a ɗumi. Ƙarfin ɗauri a ɗauko daga littafin samfurin, da sifanar awo. Jadawalin gama-gari na noti mai milimita 10 yana ba da wajen Nm 50, a ma'aunin sifanar awo, ga 8.8, wajen 70 ga 10.9, amma wannan na zaren ƙarfe ne, a nan kuwa cikin alminiyon notin ke shiga, don haka littafin ne alƙali. Zaren ya shiga aƙalla milimita 20.

Hajiya Mai Kayan Gyara:
Kada a manta da shokozoba, shi ne rabin sababin. Idan irin wanda ake buɗewa ne, a kai wa masu gyaransa su sauya mai da roba su cika iskar naitirojin. Kada a buɗe shi a gareji, akwai matsi mai yawa a ciki. Idan rufaffe ne, sai sabo. A duba robar tsayarwa ta ƙarshen tafiya, da kuma 'yan tubalan saita sifirin: na hagu da na dama su kasance a mataki ɗaya. Idan ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, hannun a murɗe yake aiki, gefe ɗaya ke shan wuya. Kuma da za ka yi facin dama, lura da lambar shasi, a gefen dama na tanel ake buga ta. Kada faranti ya rufe ta, kada huda ta taɓa ta.

Injiniya:
Akwai kuma inda faci ba ya amfani, gara a sani tun yanzu. Idan rinin ya nuna tsagar ta kai lanƙwasar saman tanel, ko ta shiga bututun ruwa, ko ka ga bangon ya yi tamoji a gaba da wurin, ko awon kusurwa zuwa kusurwa na tanel ya bambanta hagu da dama, to tanel ɗin ya murɗe, sai sauya ɓangaren ko duka. Wannan mazauni idan ya saki a guje, ƙafar na iya cakar cikin bel ta tsayar da shi nan take.

Mai Gareji:
Na yi gwajin rini. Tsagar sama ta kai santimita 5 da rabi, saura kamar 6 ta kai lanƙwasa. A dama an samu 'yar ƙarama, ba ta kai santimita 1 ba. Zan yi faci biyu. Wajen mayar da ƙafa da saita bel fa, Baba?

Baba Bakanike:
Madalla, gara da aka duba daman. Tunda saura santimita 6, kai farantin har dab da lanƙwasar, layin ribit na sama ya zauna sama da ramin da ka huda a ƙarshen tsagar.

Wajen mayarwa, shigar da ƙafar cikin bel sifirin a sauke, ɗaura notocin gaba da hannu tukuna. Hannun baya ba zai zo daidai rami da kansa ba, sai ka ja shi da igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya, ko ka riƙa sauke bayan babur a hankali har ramukan su haɗu. Kada ka tura noti da injin iska yana karkace, zaren sabuwar sandar zai tafi. Duka huɗun su shiga da yatsa, sannan a ɗaure da awo, sannan a mayar da sifirin. Cika kowane bakin giris da giris na sanyi har sabo ya ɓullo ta gefe, na zafi yana daskarewa ya ƙi shiga.

Jan bel ya danganta da kamfani. Yawancin baburan Ski-Doo ana jan tsakiyar bel ƙasa da nauyin kilo 7.3 a nemi tazarar milimita 30 zuwa 35 tsakaninsa da robar silɓi. Baburan Polaris da yawa kilo 4.5 ake ratayawa inci 16 gaba da gatarin baya. Bi na littafinka. Bayan haka kunna inji bayan yana rataye, ƙofar gareji a buɗe saboda hayaƙi, ba kowa a baya, ka bar bel ya zagaya a hankali sau da yawa, ka bar shi ya tsaya da kansa ba birki, ka kashe inji. Auna tazarar ƙugiyoyin bel da robar silɓi hagu da dama. Gefen da tazarar ta fi yawa shi za ka ƙara ja, rabin juyi rabin juyi, har su daidaita, sannan ka ɗaure gatari.

Ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin faranti. A yi tafiyar gwaji ta kilomita 15 zuwa 20 a hanya mai laushi, a dawo a duba layin, a duba bakin ribit ko baƙar ƙura ta fito, a sake auna bel. A maimaita dubawar bayan kilomita 150 na farko, giris kuma kowane kilomita 800 ko duk ranar da aka ratsa ruwa da taɓon ƙanƙara.